Sabis ɗin haɗa takardu a kwantena: Lambda, Cloud Run, Fargate ko sabar kanka?

Aikin yana da sauƙin faɗi. Wata manhaja ta turo maka bayanai, sunan mai saye da jerin kayan da ya saya da jimillar kuɗi, kai kuma ka mayar mata da takardar PDF tsaf, ko fayil ɗin Word da za a buga a sa wa hannu. Rasit, takardar shaida, yarjejeniyar kwangila, rahoton ƙarshen wata, duk dangi ɗaya ne. A kwamfutarka abin zai yi aiki tun ranar farko, har ka fara jin kanka. Ranar da ka naɗe shi cikin kwantenar Docker, wato ƙunshin da ke haɗa manhaja da duk abin da take buƙata don ta yi aiki, ka ɗora a gajimare, wato sabobin haya na kamfanoni irin Amazon da Google da Microsoft, ita ce ranar da za ka ga inda gizo ke saƙar.

Tambayar da aka fi yi min ita ce wane gajimare ya fi. Ni kuwa ina ganin ba daga nan ake farawa ba. Abin da zai yanke maka hukunci shi ne injin da zai buga takardar, domin nauyinsa da halinsa su ne za su nuna maka gidan da zai iya zama a ciki. Wanda ya zaɓi masauki kafin ya san girman baƙonsa, shi zai kwana a waje.

Injin tukuna

Injina uku ne mutane suka fi amfani da su, kuma halayensu sun sha bamban.

Na farko shi ne burauzar Chromium da ake tayarwa ba tare da fuska ba, ana juya ta da Puppeteer na Google ko Playwright na Microsoft. Ka tsara takardarka da HTML da CSS kamar shafin intanet, burauza ta buɗe ta, ta buga maka PDF. Daɗinsa shi ne duk abin da burauza ke iya nunawa yana fitowa, har jadawalin da JavaScript ke zanawa. Illarsa cin memori. Kowane shafi da ka buɗe yana da rabonsa, kuma idan ka manta ba ka rufe ba, yana nan yana ci har kwantenar ta faɗi.

Na biyu LibreOffice ne, wanda ake kira da umarnin soffice --headless --convert-to pdf. Wannan shi ne zaɓin dole idan masu aikin sun riga sun tsara takardunsu a Word kuma ba za su yarda a sake musu su da HTML ba. Lauyoyi da ma'aikatan ofis galibi haka suke, kuma suna da gaskiya, domin su ne za su riƙa gyara rubutun. Sai ka cika gurabun da ke cikin samfurin da ɗakin karatun manhaja irin docxtpl ko docxtemplater, sannan LibreOffice ya juya shi zuwa PDF. Amma LibreOffice manhajar tebur ce da aka tilasta wa aikin sabar. Tana da jinkirin tashi, tana kumbura hoton kwantena, wato fayil ɗin da ake tayar da kwantenar daga gare shi, da ɗaruruwan megabait, kuma tana da wata ɗabi'a da ke cizon kowa sau ɗaya: ba ta yarda a tayar da ita sau biyu a kan jakar saitunan mai amfani guda. Idan buƙatu biyu suka zo tare, ta biyun tana iya dawowa shiru, ba takarda, ba kuma wani ƙorafi mai ma'ana. Maganin shi ne ka ba kowane aiki jakarsa daban da -env:UserInstallation, ko ka bar LibreOffice ɗaya a kunne ta hanyar unoserver ka riƙa miƙa mata aiki ɗaya bayan ɗaya.

Na uku WeasyPrint ne, na Python. Shi ma HTML da CSS yake karɓa, amma ba burauza ba ne kuma ba ya gudanar da JavaScript ko kaɗan. A madadin haka ya iya ka'idojin shafi sosai: lambar shafi, kan shafi da ƙasansa da ke maimaituwa, inda tebur zai tsinke. Ga rasit da takardar biyan kuɗi, ni shi nake fara gwadawa, domin ya fi sauran biyun sauƙi nesa ba kusa ba. Yana iya yin nawa idan takardar ta kai ɗaruruwan shafuka cike da teburori.

Akwai kuma Gotenberg, kwantena ce da aka riga aka haɗa mai ɗauke da Chromium da LibreOffice duka, ka tura mata fayil ta hanyar HTTP ta dawo maka da PDF. Idan ba ka da sha'awar kokawa da abubuwan da na lissafa a sama, ɗauke ta ka huta. Shi kuwa wkhtmltopdf da har yanzu tsofaffin darussa ke tallatawa, an rufe ma'ajiyarsa a GitHub tun 2023 kuma injin da ke cikinsa tsoho ne tukuf. Kada ka fara sabon aiki da shi.

Abin da ke lalacewa tun a wurin ginin hoto

Kafin mu je batun masauki, akwai matsalolin da za su bi ka ko'ina ka je, don a cikin hoton kwantenar suke.

Babbarsu ita ce haruffa. Na taɓa haɗa wa wasu sabis ɗin takardun shaida, na gwada a kwamfutata komai ya fito ras. Aka ɗora, aka buga na farko, sai ga kalmar "ƙarshe" ta fito da ɗan akwati fanko a madadin ƙ, kuma duk sunan da ke da ɗ ko ɓ haka ya zama. Kwamfutata tana da salon haruffa barkatai da suka taru tsawon shekaru, ita kuwa kwantenar da aka gina a kan siririyar Debian, wani nau'in Linux, kusan ba ta da ko ɗaya. Abin da ya fi akwatin muni shi ne wanda ba ka lura da shi: injin ya rasa salon da ka nema, ya ɗauko wani a ɓoye, harafi ɗaya ya fito da siffa daban a tsakiyar kalma, ko takarda mai shafi ɗaya ta zube zuwa shafi na biyu saboda faɗin haruffan ya canza. Idan samfurin Word ɗin da Calibri aka rubuta shi, sa Carlito a cikin hoton, domin faɗin haruffansu ɗaya ne. Caladea ke maye gurbin Cambria, dangin Liberation kuma su maye Arial da Times New Roman. Don ɓ, ɗ, ƙ da ƴ, da rubutun Larabci, dangin Noto sun wadatar. Sannan ka shiga cikin kwantenar ka buga fc-match da sunan salon da kake so. Amsar da ya ba ka ita ce gaskiyar abin da za a buga, ba abin da ke rubuce a samfurinka ba.

Na biyu, ginshiƙin hoton. Alpine, wani nau'in Linux, yana da farin jini saboda ƙanƙantarsa, amma da ɗakin karatun manhaja na musl yake aiki a maimakon glibc da aka saba, kuma Chromium ɗin da Puppeteer ke saukowa da kansa ba ya tashi a kansa. Megabait ɗin da ka rage ba su kai wahalar ba, tunda Chromium ko LibreOffice za su cika wurin ko ta yaya. Ɗauki Debian ko Ubuntu, ka yi ginin mataki-mataki yadda kayan haɗawa ba za su biyo ka cikin hoton ƙarshe ba.

Na uku ya shafi masu sabbin kwamfutocin Apple. Hoton da ka gina a kansu na arm64 ne, wato nau'in ƙwaƙwalwar sarrafawarsu, idan ba ka ce komai ba. Ka tura shi inda ake jiran amd64, kwantena ta mutu nan take da saƙon exec format error. Ƙara --platform linux/amd64 a umarnin ginin, shi ke nan. Sai agogo: kwantena a kan UTC take, don haka rasit ɗin da aka buga daf da tsakar dare yana iya ɗaukar kwanan watan jiya ko na gobe. Ka sa yankin lokaci a cikin bayanan da ake turowa, kada ka dogara da agogon injin.

Akwai kuma gawarwaki. Chromium da LibreOffice suna haifar ƙananan ayyuka a ƙarƙashinsu, kuma idan manhajarka ce aiki mai lamba 1 a kwantenar, wato wanda ya fara tashi, ba lallai ta iya kwashe waɗanda suka mutu ba. Suna taruwa a hankali. Ɗan ƙaramin mai gadi irin tini ko dumb-init a bakin ƙofa yana kawar da wannan.

AWS Lambda

Tun Disamban 2020 Lambda, sabis ɗin AWS, wato gajimaren Amazon, ke karɓar hoton kwantena har mai girman gigabait 10, don haka LibreOffice da Chromium duk suna shiga. Abin da ya fi burge ni game da shi a wannan aiki shi ne kowace kwantena buƙata ɗaya take ɗauka a lokaci guda. Matsalar LibreOffice ta rashin son kishiya ta warware kanta ke nan. Buƙatu ɗari suka zo, kwantenoni ɗari suka tashi, kowacce da nata. Ba aiki, ba biya.

Amma dokokin gidan suna da tsauri. Wa'adin aiki ɗaya minti 15 ne, ba ƙari. Ba ka iya rubutu ko'ina sai cikin /tmp, wanda megabait 512 ne idan ba ka ƙara ba, shi ya sa LibreOffice ke mutuwa a tashin farko har sai ka karkatar da HOME zuwa can. Ƙarfin injin yana tafiya da yawan memorin da ka zaɓa, sai ka kai wajen megabait 1,769 kafin ka samu cikakken ƙwaƙwalwar sarrafawa guda, don haka wanda ya tsuke memori don tsimi yakan ƙare da aiki mai jan ƙafa da ya fi tsada. Amsar da ake mayarwa kai tsaye ta hanyar da aka saba ba ta wuce megabait 6, kuma tunda PDF sai an mayar da shi rubutun base64, wanda ke ƙara masa kashi ɗaya cikin uku, ainihin fayil ɗin da zai wuce bai fi megabait huɗu da rabi ba. Idan kuma API Gateway, ƙofar AWS mai karɓar buƙatu daga waje, ne a gaba, daƙiƙa 29 yake jira a saitinsa na asali. Ka ga ke nan mintuna 15 ɗin ba su da amfani ga mai jiran amsa a burauza.

Wani abu kuma, Lambda ba sabar HTTP yake tsammani ba. Yana da nasa hanyar miƙa aiki, don haka sai ka sa masa mahaɗi a cikin hoton. Kwantenar da ka gina dominsa ba lallai ka iya ɗauke ta ka ajiye a wani wuri ba tare da gyara ba.

Google Cloud Run

Cloud Run ya fito a 2019, kuma yarjejeniyarsa da kai gajeriya ce: ka ba shi kwantenar da ke sauraren HTTP a kan lambar ƙofar da ya saka a PORT, 8080 idan ba a canza ba, kuma a adireshin 0.0.0.0. Wanda ya bar sabarsa tana sauraro a 127.0.0.1 zai sha saƙon cewa kwantena ta kasa tashi, alhali ta tashi lafiya, ba a dai jin ta ne daga waje. Bayan wannan, kwantenar da ke aiki a kwamfutarka ita ce ke aiki a can, ba wani mahaɗi na musamman. Wa'adin buƙata minti 5 ne a asali, ana iya kai shi minti 60. Memori yana kaiwa gigabait 32. Idan ba kowa yana sauka zuwa sifili, ba ka biya.

Tarkuna biyu ne a nan, kuma duka biyun sun kama ni.

Na farko yawan buƙatun da kwantena ɗaya ke karɓa a lokaci guda. Asalin saitin 80 ne. Ga ƙaramin sabis mai karanta bayanai ya mayar da amsa, wannan daidai ne. Ga Chromium kuwa, shafuka 80 ne a buɗe cikin memorin megabait 512. Abin da ya sa yake da wuyar ganowa shi ne a gwaji ba ya bayyana, tunda kai kaɗai kake dannawa. Nawa sai ranar ƙarshen wata ya bayyana, lokacin da kowa ya tashi neman rahotonsa a safiya ɗaya. Kwantena ta cika, a kashe ta, buƙatun da ke cikinta su dawo da kuskure, manhajar da ke kira ta sake turo su gaba ɗaya, sabuwar kwantena ta tashi ta tarar da taron yana jiranta, ita ma ta faɗi. Na ɓata awanni ina laluben kuskure a cikin rubutun manhaja, ashe lamba ɗaya ce a saiti. Ga LibreOffice ka mayar da ita 1. Ga Chromium ka fara da 2 zuwa 4, ka auna memorin da takarda mafi nauyi ke ci, sannan ka ƙara idan da hali.

Na biyu, faifan Cloud Run a cikin memori yake. Duk fayil ɗin da ka rubuta a /tmp daga rabon memorinka ake cire shi. Sabis ɗin takardu kuwa ba abin da ya fi yi kamar zubar da fayilolin wucin gadi: samfurin da aka cika, hotunan da aka sauko da su, PDF ɗin da aka gama. Idan ba ka share su bayan kowane aiki ba, memori zai riƙa hawa sannu a hankali har a kashe kwantenar, kai kuma ka ɗauka yoyo ne a manhajarka. Kuma ka yi sharar kafin ka mayar da amsa, domin a saitin asali da zarar amsa ta fita ana janye wa kwantenar ƙarfin sarrafawa, aikin da ka bari a baya sai ya daskare.

Sai jinkirin tashi daga barci. Hoto mai nauyi da LibreOffice a ciki yana sa mutum na farko ya yi jira. Kana iya cewa a bar kwantena ɗaya a farke kullum, amma ka san ka fara biyan kuɗin zama ke nan. A ɓangaren alheri, kowace ɗorawa tana zama sabon zubi mai zaman kansa, kana iya tura kashi kaɗan na jama'a gare shi ka gani, idan ya ƙi ka koma tsohon cikin daƙiƙoƙi. Ga sabis ɗin da canjin salon harafi ɗaya ke iya rikita dubban takardu, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Azure Container Apps na Microsoft ɗan uwan Cloud Run ne ta fuskar tsari, shi ma yana sauka zuwa sifili, kuma ya iya faɗaɗa bisa tsawon layin aiki. Ƙofarsa tana yanke buƙata bayan daƙiƙa 240 a asali. Idan ma'aikatarku ta riga ta zauna a Azure, kusan duk abin da na faɗa kan Cloud Run ya shafe shi.

AWS Fargate

Fargate, wanda ya zo a 2017, wani hali gare shi. Kwantenarka tana kunne dare da rana kamar sabar gaske, sai dai ba kai ke kula da injin da take kai ba. Ba wa'adin minti 15, ba iyakar girman amsa daga gare shi, kuma faifansa na gaske ne, gigabait 20 tun daga farko. LibreOffice tana iya zama a kunne tana jiran aiki, ba a biyan kuɗin tashinta kowane lokaci. Ga rahoton da ke ɗaukar rabin awa, ko aikin da ba ya yankewa, nan ne gidansa.

Farashin wannan sakewa shi ne ɗawainiya. Sai ka tsara hanyar sadarwa ta ciki, da mai rarraba buƙatu a gaba, da izini, da ƙa'idar faɗaɗawa, kuma kana biya ko ana aiki ko ba a yi. Ba ya farkawa da kansa don buƙata ta zo. Sabuwar kwantena kuma tana ɗaukar lokaci kafin ta tashi, tunda ana sake sauko da hoton ne kowane karo, don haka idan cunkoso ya zo ba zato ba ya kai ɗauki da saurin Lambda ko Cloud Run.

Abubuwa biyu ka kiyaye a nan. Mai rarraba buƙatu na AWS yana yanke layin da ya yi shiru daƙiƙa 60 a asali, sai mai kira ya ga kuskure mai lamba 504 alhali takardarsa tana nan ana haɗawa. Sannan binciken lafiya: idan sabarka tana da hannu ɗaya kuma hannun yana riƙe da babbar takarda, ba za ta amsa mai tambayar lafiyarta ba, sai a ɗauka ta mutu a kashe ta ana tsakiyar aiki. Ga masu Chromium kuma, Docker yana ba da megabait 64 kacal a /dev/shm, wanda ba ya isar burauzar, kuma Fargate ba ya barin ka ƙara shi. Tutar --disable-dev-shm-usage ita ce mafita, ta sa Chromium ya koma amfani da /tmp.

Sabar kanka, da batun Kubernetes

Kada ka raina hayar sabar guda ka sa Docker Compose, mai tayar da kwantenoni a sabar ɗaya, a kanta. Idan takardun da kake bugawa a rana ba su wuce ɗaruruwa ba kuma ka san lokacin zuwansu, wannan ya fi komai sauƙin fahimta, kuɗinsa kuma ba ya ba ka mamaki a ƙarshen wata. Ba wa'adi, ba iyakar da wani ya gindaya maka, --shm-size yana hannunka. Sai dai sabunta tsaro, takardar shaidar HTTPS, da tashi cikin dare idan ta faɗi, duk a wuyanka suke. Ka kuma tuna Docker ba ya rage rajistar aikinsa da kansa a saitin asali, tana girma har ta cike faifan, sabis ya tsaya ba wanda ya taɓa shi.

Kubernetes kuwa, tsarin da ke juya kwantenoni a kan sabobi da yawa, idan kamfaninku yana da shi da masu kula da shi, saka sabis ɗin a ciki. Idan babu, kada a kafa shi don buga PDF.

Ranar da abin ya lalace

A nan ne bambancin ya fi fitowa, kuma shi ne abin da mutane ba sa aunawa lokacin zaɓe. A sabar kanka kana shiga cikin kwantenar da docker exec, ka buga umarnin LibreOffice da hannunka, ka ga kukan da take yi, ka kalli memori yana hawa da docker stats. A Fargate ma akwai ECS Exec da ke ba ka wannan damar idan ka kunna shi tun farko. A Lambda da Cloud Run kuwa kada ka sa ran shiga. Abin da ka rubuta a rajista shi ne idonka, abin da ba ka rubuta ba ya tafi tare da kwantenar.

Don haka ka tsara rajistar tun kafin ka buƙace ta. Kowane aiki ya samu lambarsa da za ta bi shi daga shiga har fita. Ka rubuta sunan samfurin, girman bayanan da aka turo, daƙiƙoƙin da kowane mataki ya ci, da girman fayil ɗin da ya fito. Mafi muhimmanci, ka kama abin da Chromium ko LibreOffice suka furta a hanyar kuskurensu ka zuba a rajistar, domin yawancin masu rubuta manhaja suna kiran su ne su watsar da wannan, sannan su zauna suna mamakin abin da ya faru. Abin da ba za ka rubuta ba shi ne abin da ke cikin takardar. Albashin mutane da sharuɗɗan kwangilarsu ba su da gurbi a rajista.

Ka koyi karanta lambar mutuwa. 137 tana nufin an kashe kwantenar da ƙarfi, kuma galibi memori ne ya ƙare. 143 tana nufin an roƙe ta ta tsaya ta kuma tsaya, wato ana ɗora sabon zubi ko ana rage yawan kwantenoni. Bayan wannan roƙo Cloud Run daƙiƙa 10 yake ba ka, ECS, tsarin AWS da ke gudanar da kwantenonin Fargate, da Kubernetes kuma 30 a asali. Idan takardarka tana cin fiye da haka, duk ɗorawar da ka yi da rana tana yanke aikin wani.

Hanyar da ta fi yi min aiki ita ce kwaikwayon ƙuncin gajimaren a kwamfutata: in tayar da hoton nan dai da --memory daidai da na can, in sa --read-only idan Lambda nake kwaikwayo, sannan in jefa masa buƙatu ashirin a tare da takarda mafi muni da na taɓa gani. Mafi yawan abin da ake kira matsalar gajimare a nan take bayyana.

Akwai wata matsala da ba ta ihu, ita ce ta tsaro. Idan kana karɓar HTML daga hannun masu amfani ka ba Chromium, ka ba su burauza ce a cikin gidanka. Mai mugun nufi yana iya saka mahaɗin da zai sa ta buɗe fayilolin cikin kwantenar, ko ta leƙa adireshin ciki da gajimaren ke ajiye bayanan izini, irin 169.254.169.254, ta buga masa abin da ta gani a cikin PDF. Tunda kuma yawancin mutane suna tayar da Chromium da --no-sandbox don ya yarda ya tashi a kwantena, katangar ta ƙara gajarta. Ka toshe masa fita sai inda ka amince, kada ya gudana a matsayin root, mai cikakken iko, izinin sabis ɗin kuma ya tsaya ga ma'ajiyar da yake rubutu a ciki.

Layi yana canza lissafin

Kusan duk iyakokin da na ambata, daƙiƙa 29, daƙiƙa 60, megabait 6, suna damun wanda ya sa mai kira ya tsaya yana jira ne. Idan ka karɓi buƙata, ka ba da lambar aiki nan take, ka jefa aikin a layi irin SQS ko Pub/Sub ko Cloud Tasks, ka ajiye takardar da aka gama a ma'ajiya irin S3 ko Cloud Storage, sannan ka ba da mahaɗi mai wa'adi a sauke ta, yawancinsu sun daina shafarka. Cunkoson ƙarshen wata ma ya zama layi mai tsawo kawai, ba faɗuwa ba. Sai dai layi yana da nasa cizon: SQS yana sake miƙa saƙo idan ba a gama da shi cikin daƙiƙa 30 ba a saitin asali, Pub/Sub kuma 10. Ka ƙara wa'adin ya zarce aikinka mafi tsawo, kuma ka sa sunan fayil ya fito daga lambar aikin, yadda ko an maimaita, takarda ɗaya za a samu. Rasit biyu masu lamba daban a kan ciniki ɗaya rigima ce da akanta ba zai yafe maka ba.

To wanne za ka ɗauka? Idan takardun ƙanana ne, WeasyPrint ko Chromium ke buga su cikin daƙiƙoƙi, zuwansu kuma ba shi da tabbas, ni Cloud Run zan ɗauka, in rage yawan buƙatun kwantena, in ba shi memori gigabait 1 ko 2 don farawa. Dalilina shi ne kwantenar tana nan a matsayin sabar HTTP ta kowa da kowa, gobe idan na gaji da shi in ɗauke ta in kai wani wuri. Idan komai naku a AWS yake kuma aikin daga layi yake zuwa, Lambda da SQS sun dace da juna, musamman ga LibreOffice. Idan akwai takardun da ke wuce minti 15, ko aikin ba ya tsayawa dare da rana, Fargate. Idan kai kaɗai ne, masu amfani kaɗan ne, kuma kana son ganin komai da idonka, sabar guda ta ishe ka shekara da shekaru.

Ko wanne ka ɗauka, ka ajiye takardar gwaji guda mai ɗauke da ɓ, ɗ, ƙ, ƴ manya da ƙanana, da layin Larabci, da tebur mai tsallaka shafi uku, da hoto mai nauyi. Duk lokacin da aka gina sabon hoto a buga ta a cikinsa, a ƙirga shafukanta, a duba salon haruffan da suka shiga da pdffonts. Idan shafukan suka ƙaru ko wani salo ya ɓace, ginin ya tsaya a nan, kada ya kai ga ɗorawa.